Yadda Ake Neman Gurbi Ta Ƙuri'a a Makarantun Gwamnati Masu Koyarwa da Harshe Biyu a Birnin Washington

Iyaye da dama mazauna birnin Washington sun sha aiko da tambaya kan yadda ake sama wa yaro gurbi a makarantun gwamnati da ake karantarwa da Faransanci, Sifaniyanci ko Sinanci tare da Turanci. Makarantun kyauta ne, amma masu nema sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake raba guraben ta hanyar ƙuri'a a ƙarƙashin tsarin My School DC, wanda ya fara aiki a 2014. Lambar da ƙuri'a za ta ba yaro ba ta hannun kowa, to amma yadda aka jera makarantu, da cika takardu daidai, da kiyaye wa'adi, duk suna hannun iyaye, kuma a nan ne akasari ake asarar gurbin da ya riga ya samu. Ga matakan bi da bi.

1. Ku tabbatar kun cancanta

Sharaɗi na farko shi ne yaron da wanda ke riƙe da shi su kasance mazauna cikin gundumar Washington ɗin kanta, wato birnin Washington DC. Silver Spring da Hyattsville suna jihar Maryland ne, Arlington da Alexandria kuma suna Virginia, ko da kuwa tafiyar minti goma ce tsakaninsu da birnin. Wanda ke zaune a can yana da nasa tsarin: a Maryland, gundumar Montgomery tana da shirin Faransanci a makarantun Sligo Creek da Maryvale, gundumar Prince George's kuma tana da makarantun Dora Kennedy da Maya Angelou, kowace da ƙuri'arta da ranakunta dabam.

Sharaɗi na biyu shi ne shekaru. A galibin makarantun, ajin share fage na PK3 na yaron da ya cika shekara 3 ne zuwa ranar 30 ga Satumba ta shekarar da zai fara, PK4 na mai shekara 4, ajin kindagatin kuma na mai shekara 5. Yaron da aka haifa ranar 2 ga Oktoba sai ya jira shekara mai zuwa, kuma roƙo ba ya sauya wannan.

Takardar izinin zama a ƙasa ba ta cikin sharuɗɗan. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1982 ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin shige da ficen iyayensa, don haka kada tsoro ya sa wani ya bar ɗansa a gida.

Gargaɗi: kada ku ari adireshin ɗan uwa ko aboki. Ofishin kula da ilimi na gundumar, OSSE, yana bincike, kuma wanda aka kama ana cire yaronsa, a bi shi kuɗin makaranta na duk shekarun da ya yi, wanda ya haura dala 10,000 a kowace shekara, wani lokaci har a kai shi kotu. Mai adireshin da ya yi niyyar taimako shi ma yana iya shiga cikin rigimar.

2. Ku san makarantun da tsarin karatunsu

Makarantun iri biyu ne. Akwai na hukumar makarantun birni, DCPS, irin su Oyster-Adams, Bancroft, Powell da Bruce-Monroe, waɗanda harshensu na biyu Sifaniyanci ne. Akwai kuma makarantun gwamnati masu cin gashin kansu da ake kira charter, su ma kyauta ne: Washington Yu Ying tana koyarwa da Sinanci, Mundo Verde da LAMB da DC Bilingual da Sifaniyanci, ita kuwa Elsie Whitlow Stokes tana da ɓangaren Faransanci da na Sifaniyanci, a harabarta ta Brookland da ta East End. Iyalan da suka fito daga Nijar, Kamaru ko Chadi, waɗanda ke son yaro ya riƙe Faransanci don ya iya ci gaba da karatu a gida wata rana, Stokes ce za su fi sa wa ido, sai dai kujerun Faransanci kaɗan ne a duk birnin.

Ku fahimci abin da kuke nema kafin ku nema. A waɗannan makarantu harshen ba darasi ɗaya ba ne da ake yi sau biyu a mako. Da shi ake koyar da lissafi da kimiyya, da shi malama ke cewa a wanke hannu a zauna. A wasu makarantun, a ƙananan ajujuwa kusan duk yinin da sabon harshen ake yinsa, daga baya a koma rabi da rabi da Turanci. Yaron da ake yi wa Hausa a gida zai tashi ke nan da harshe uku. Wannan abu ne da yara ke iya ɗauka, kuma a ganina babu dalilin da zai sa iyaye su daina yi masa Hausa don wai a rage masa nauyi, domin makaranta ba za ta mayar masa da ita ba idan ta tafi.

A watan Disamba ake yin baje kolin makarantu mai suna EdFEST, kuma kowace makaranta tana ware ranakun da take buɗe ƙofa ga iyaye. Ku je da tambayoyi a rubuce: wane aji ne na ƙarshe da ake karɓar sabon ɗalibi, ƙarfe nawa ake tashi, nawa ne kuɗin kula da yara bayan an tashi, wane irin abinci ake bayarwa kuma ko ana iya kauce wa naman alade, sannan wane taimako ake ba iyayen da ba su jin harshen wajen aikin gida.

Gargaɗi: wasu makarantun ba sa karɓar sababbin ɗalibai bayan wani aji, saboda yaron da ya shigo a makare ba zai iya bin darasi ba. Mafi yawan kujeru a PK3 suke, sai PK4 da kindagatin. Wanda ya ce bari yaro ya ƙara wayo tukuna, sau da yawa ya bar damarsa mafi girma ta wuce.

3. Ku lissafa hanya da kuɗi tun kafin cika fom

Neman gurbi kyauta ne, karatun ma kyauta ne, kuma duk wanda ya nemi ku biya shi don ya sama muku kujera yaudara ce, domin babu mai iko a kan lambar ƙuri'a. Kuɗin da ke fita a wasu wurare yake: kula da yara kafin a shiga aji da bayan an tashi, wanda a makarantu da yawa ana biya duk wata, wasu kuma suna rage wa masu ƙaramin ƙarfi, yunifom a inda ake sawa, sai sufuri.

Batun sufuri ya cancanci a tsaya a kansa. Birnin Washington ba ya aika motar makaranta ta ɗauki ɗalibai gaba ɗaya, sai yara masu buƙata ta musamman da aka amince musu. Akwai shirin Kids Ride Free da ke ba ɗalibai daga shekara 5 katin hawa bas da jirgin ƙasa kyauta, amma babban da zai raka yaro shi zai biya nasa. Saboda haka ku gwada hanyar da kanku a ranar aiki, da misalin ƙarfe 7:30 na safe, daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta, sannan zuwa wurin aiki. Hanyar da take minti ashirin ranar Lahadi tana iya zama kusan awa guda ranar Talata, kuma wannan tafiya za a yi ta ne safe da yamma, cikin sanyi da dusar ƙanƙara, na tsawon shekaru. Ga mai aikin dare ko mai tuƙin haya, wannan lissafi ya fi sunan makaranta muhimmanci.

4. Ku buɗe asusu ku cika fom

Ana buɗe fom a shafin intanet na My School DC a watan Disamba. Wa'adin masu neman aji 9 zuwa 12 yana cika a farkon Fabrairu, na PK3 zuwa aji 8 kuma a farkon Maris. Ranakun suna ɗan motsawa kowace shekara, don haka ku duba na bana ku rubuta a inda ido zai riƙa gani. Wanda ya cika a ranar farko da wanda ya cika a ranar ƙarshe daidai suke a gaban ƙuri'a, kuma ana iya komawa a gyara fom har zuwa cikar wa'adi. Duk da haka kada a bari sai daren ƙarshe.

Abin da ake buƙata kaɗan ne: adireshin imel, lambar waya, cikakken sunan yaro, ranar haihuwarsa, adireshin gida, da sunan makarantar da yake yanzu idan akwai. Ba a ɗora takardun shaida a wannan mataki. Wanda Turanci ke ba shi wahala yana iya kiran layin taimako na My School DC ya nemi tafinta, kuma ana samun bayanai da Faransanci.

Asusu ɗaya za a buɗe wa iyali, a sa dukan yara a cikinsa, kowane da fom ɗinsa, domin ta haka ne tsarin ke gane cewa 'yan uwa ne. Fom ɗaya ne ga yaro ɗaya. Idan uba ya cika nasa, uwa ma ta cika nata da tunanin ƙara sa'a, ba a ƙara komai ba sai rikici da za a zo ana warwarewa.

Gargaɗi: ku rubuta sunan yaro harafi da harafi kamar yadda yake a takardar haihuwa ko fasfo. Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Mahamadou a ta uku, abu ne da muka saba da shi, amma ma'aikaciyar rajista ba ta san mutum ɗaya ba ne. Haka kuma a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana, don haka 04/09 na nufin 9 ga Afrilu. Yaron da aka haifa 4 ga Satumba 09/04 za a rubuta masa, kuma kuskure a nan yana iya jefa shi ajin da ba nasa ba.

5. Ku jera makarantu bisa ainihin son ranku

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi. Ana iya zaɓar makarantu har 12, a jera su daga wadda aka fi so zuwa ƙasa. Kowace haraba zaɓi ce mai zaman kanta, haka ma kowane ɓangaren harshe, don haka Faransanci a Brookland da Faransanci a East End gurabe biyu za su ci a cikin jerin.

Ga yadda rabon ke gudana. Kwamfuta tana ba kowane yaro lamba guda ta sa'a. Kowace makaranta tana fara jera masu nemanta bisa rukunin fifiko, sannan a cikin kowane rukuni a bi lambar. Daga nan tsarin yana ba yaro makaranta mafi sama a jerinsa da ke da kujerar da ta kai gare shi, kuma gurbi ɗaya kawai yake samu. Makaranta ba ta ƙara wa yaro matsayi don ya sa ta a farko, ba ta kuma rage masa don ya sa ta ta bakwai.

A ɗauka kun jera makarantu biyar, yaro ya samu ta uku. Za a sa shi a layin jira na ta ɗaya da ta biyu, ta huɗu da ta biyar kuwa an cire shi daga cikinsu gaba ɗaya. To a nan kuskuren da ya fi yawa yake: uba ya ji cewa makarantar da yake so tana da wuyar samu, sai ya sa wata mai sauƙi a sama don kada a tashi a tutar babu. Yaro ya samu mai sauƙin, ita kuwa wadda ake so, da yake tana ƙasa, an share sunansa daga layinta, ko da lambarsa mai kyau ce da za ta iya kai shi. Sa makaranta mai wuya a sama ba ya rage komai daga damar samun na ƙasa. Saboda haka babu wata dabara da ta wuce faɗin gaskiya: wadda kuka fi so ita ce ta ɗaya, masu sauƙin samu su zo a ƙarshe.

My School DC tana wallafa bayanan shekarun baya, inda ake ganin kujeru nawa kowace makaranta ta bayar a kowane aji da kuma mutum nawa aka kira daga layin jira. Amfanin wannan bayani shi ne ku tabbatar akwai makaranta biyu ko uku a ƙasan jerinku da ake samu da gaske. Kada ya sa ku sauya tsarin na sama.

Gargaɗi: kada ku sa makarantar da ba za ku iya kai yaro ba don kawai a cike gurabe 12. Idan ita ta faɗo muku, ta share duk na ƙasa da ita. Sannan ku tuna cewa daga kindagatin zuwa sama yaro yana da haƙƙin shiga makarantar DCPS ta unguwarsa ba tare da ƙuri'a ba, amma a PK3 da PK4 babu wannan tabbaci, sai an sa ta a cikin jerin.

6. Ku nemi fifikon da kuke da haƙƙinsa, ku amsa tambayar harshe da gaskiya

Fifiko yana gaba da lamba, don haka yaro mai fifiko da lamba marar kyau yana wuce marar fifiko mai lamba mai kyau. Mafi ƙarfi a galibin makarantu shi ne na ɗan uwa: wanda yayansa ke karatu a makarantar, ko wanda ɗan uwansa ya samu gurbi a wannan ƙuri'ar. A makarantun DCPS akwai fifikon mazauna unguwa a ajin PK. Wasu makarantu suna ba 'ya'yan ma'aikatansu, wasu kuma suna ware kujeru ga yaran da iyalansu ke karɓar tallafin abinci na SNAP ko tallafin kuɗi na TANF, ko marasa matsuguni, ko waɗanda ke hannun riƙo na hukuma. Wanda ya cancanci wannan na ƙarshe kada kunya ta hana shi nema, domin saboda irinsa aka yi tanadin. Kowace makaranta da irin fifikon da take bayarwa da yadda take jera shi, kuma za a nemi hujja lokacin rajista. 'Ya'yan wa da ƙane, da muke kira 'yan uwa a gida, ba lallai su shiga ma'anar da makaranta ke amfani da ita ba, don haka ku karanta ma'anar kafin ku danna.

A makarantun DCPS masu harshe biyu ana raba kujeru tsakanin yaran da Sifaniyanci ne harshensu mafi ƙarfi da sauran yara, kuma fom zai tambaya. Yaron da ke jin Hausa da Turanci, ko Hausa da Faransanci, yana cikin rukuni na biyu.

Gargaɗi: makarantar tana gwada yaron da aka ce Sifaniyanci ne harshensa. Idan malama ta zauna da shi ta ga ba haka ba ne, ana iya janye gurbin, a lokacin da sauran zaɓin sun riga sun tafi.

7. Sakamako da rajista

Sakamako yana fitowa a ƙarshen Maris, a cikin asusunku da kuma ta imel. Samun gurbi ba shiga makaranta ba ne. Sai an yi rajista a makarantar kanta kafin wa'adi, wanda yakan kasance 1 ga Mayu. Wanda ya wuce wa'adin ya saki kujerarsa. Yin rajista a inda aka samu ba ya cire yaro daga layin jiran makarantun da ke sama, saboda haka ku karɓi abin da ke hannu tukuna.

Takardun da za a nema su ne shaidar haihuwa, fom ɗin rajista, fom ɗin tabbatar da zama a gundumar tare da hujjojinsa, takardar lafiya da likita ke cikawa, takardar likitan haƙori, da shaidar allurar rigakafi. Hujjar zama tana iya zama guda ɗaya mai ƙarfi, kamar takardar albashi ta kwanaki 45 da suka wuce mai nuna an cire harajin gundumar, ko takardar tallafi daga gwamnatin birni, ko wasiƙar ofishin jakadanci ga ma'aikatan da ke zaune a gidajensa. In babu, sai a kawo biyu daga cikin waɗannan: lasin tuƙi ko katin shaida na gundumar, rajistar mota, yarjejeniyar haya tare da rasit ɗin biya, ko takardar kuɗin wuta, gas ko ruwa tare da shaidar an biya. Takardar kuɗin waya ba ta shiga. Wanda ke zaune a ɗaki cikin gidan wani, babu komai da sunansa, ya gaya wa makaranta gaskiya, domin akwai tanadin ziyarar gida don tabbatarwa.

Akwai kuma ɗan fom da ke tambayar harshen da ake yi a gida. Ku rubuta Hausa. Ba ya taɓa gurbin yaro, illa dai a duba ko yana buƙatar ƙarin taimako a Turanci.

Gargaɗi: suna da adireshin da ke kan hujjojin dole su zama na wanda ya sa hannu a rajistar. Idan haya da wuta duk da sunan maigida suke, shi ne zai yi rajistar, ko da uwargida ce ta cika fom tun farko. Sannan ku nemi ganin likita tun watan Maris, ku tafi da katin rigakafin da aka yi a gida don a shigar da shi cikin bayanan yaro, saboda layin asibiti yana tsawo gab da komawa makaranta, kuma ana iya dakatar da yaron da rigakafinsa bai cika ba.

8. Zaman layin jira

Layin yana motsi daga Mayu har bayan an koma makaranta a ƙarshen Agusta, wani lokaci har cikin Satumba da Oktoba. Lambar yaro tana iya matsowa, tana kuma iya ja da baya idan wani mai fifiko ya shigo, kuma wannan ba alamar maguɗi ba ce. Idan kujera ta samu, makaranta za ta kira ko ta aiko da imel, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a amsa. Masu tafiya gida hutun bazara su kula sosai a nan: ku bar lambar da ke aiki, ku riƙa duba imel har da akwatin tarkace, ku kuma tanadi takardun rajista a inda za a iya aika su daga nesa.

Karɓar sabon gurbi yana nufin sakin na farko, tare da fita daga layin duk makarantun da ke ƙasa da sabuwar. Wanda wa'adin Maris ya wuce shi yana iya cika fom bayan ƙuri'a, sai dai za a sa shi a bayan waɗanda suka nema a kan lokaci a rukuninsa.

9. Shekara mai zuwa

Yaron da ya shiga ba ya sake shiga ƙuri'a don ci gaba a makarantarsa, amma ana sabunta rajista da hujjar zama kowace shekara. Layin jira kuwa ba ya tsallakawa zuwa wata shekara, don haka wanda bai samu ba sai ya sake cika fom a Disamba, da sabuwar lamba, kuma yin hakan ba ya taɓa kujerar da yaro ke kai har sai an yi rajista a wani wuri.

Iyayen da 'ya'yansu ke aji 5 a Yu Ying, Stokes, Mundo Verde, LAMB ko DC Bilingual suna da wani aiki na dabam. Makarantar DC International, mai aji 6 zuwa 12, ita ce ke ci gaba da Sinanci, Faransanci da Sifaniyanci, kuma tana ba ɗaliban waɗannan makarantu biyar fifiko. Fifikon ba ya aiki da kansa: sai an cika fom na My School DC kafin wa'adin Maris, an sa ta a cikin jerin, kuma yana da kyau a tambayi makarantar tun farkon aji 5 kujeru nawa aka ware wa ɗalibanta a wannan shekarar.